Zakka Mai Waya da Ƙofar Gaban Motata

Ni dai ban cika yabon masu gyaran mota ba, domin yawancinsu sun ci mini rai. Ka kai musu mota tana tari, su dawo maka da ita tana ɗingishi. Amma Zakka mai waya daban ne, kuma shi ma sai da muka yi faɗa ya fi sau talatin kafin na yarda da haka. Sunana Idrisu, direba ne ni, shekara ashirin da biyu ina jan bas tsakanin Birnin Gwari da Kaduna. Wanda ya san hanyar nan ya san abin da nake nufi. Wanda bai sani ba, Allah ya bar shi a haka.

Rumfar Zakka tana bayan tasha, gindin wani mangwaro da ko sau ɗaya ban ga ya yi 'ya'yan kirki ba. A Kusasu aka haife shi. Ubansa daga kudancin Kaduna ya zo neman gona, ya samu, ya zauna, a nan aka binne shi. Zakka ya ƙi fartanya tun yana yaro, ya tafi Kaduna ya koyi wayar mota, ya dawo ya kafa rumfa. Gajere ne, ba ya son magana, kuma sanyin jikinsa na iya sa mutum hawan jini. Kana tsaye fasinja na zaginka, shi yana shinshina waya. Wallahi shinshinawa yake yi! A aljihun rigarsa kullum akwai ƙwan fitila ɗaya mai wayoyi biyu, da shi yake gwajinsa. Dokarsa guda ce: ba ya yanke waya sai ya ga laifinta da idonsa.

Matarsa Laraba, da muke kira Maman Mercy, ita ce bakinsa. Da rana tsaka za ta iso da kwanon tuwo a kai, tun daga bakin tasha ake jin muryarta tana tsokanar direbobi. Ni ta fi sa wa ido. "Idrisu, yau ma da ƙafa motar taka ta iso?" In rama, ta rama, Zakka na ƙarƙashin sitiyari yana murmushi. In za ta Kaduna sarin atamfa, motata take shiga, kuma kujerar gaba tata ce, ko wa ya riga ta sai ya tashi.

Shekara shida ke nan da aka tare mu. Kafin in faɗi yadda aka yi, sai na faɗi abu biyu da duk mai bin hanyar nan ya sani a lokacin. Na farko, ba a kulle ƙofar mota. Ko kusa. In mutanen daji suka fito, kowa ƙofa yake bankaɗewa ya faɗa daji, mai rabo ya tsira. Na biyu kuma dabarata ce da nake koya wa 'yan kujerar gaba: in an tare mu, duk abin da zai nuna kai wani ne, katin aiki ko layin waya, ka zura shi ta bakin gilas ya faɗa cikin ƙofa. In an tsira sai in kwance marfin ƙofar in ba kowa abinsa. Na yi haka ya fi a ƙirga.

Ranar, da hantsi, mun wuce Udawa kaɗan suka fito. A gaba akwai Maman Mercy jikin ƙofa, sai Malam Martins, malamin firamare, a tsakiya. Motata irin mai maɓallin nan ce, in ka danna duk ƙofofi su kulle lokaci guda. Ni da nake wa mutane huɗubar kada a kulle ƙofa, ni ne hannuna ya danna shi. Na ɗauka zan iya ja da baya. Ban iya ba. Mutum goma sha huɗu suna ta jijjiga ƙofofi, ba wanda ya fita. Ni aka rotsa mini kai da gindin bindiga aka bar ni a kwalta, sun zaci na mutu. Sauran aka kora su daji.

Kwana ashirin da uku Maman Mercy ta yi a hannunsu kafin ta fito, da ƙafarta, ita da wasu mata biyu. Malam Martins bai fito ba har yau. Aka kai ta asibiti a Kaduna, daga nan ta zauna wajen 'yarsu Mercy da ke aure a can. Aka ce wata ɗaya, aka ce sai bayan Kirsimeti, aka ce sai hanya ta yi kyau. Shekara shida! Zakka yakan je duba ta, amma ba ya iya zama, domin a Kaduna shi ba kowa ba ne, a nan yake da rumfa da mutane. Ya taɓa ce mini in ya je ma ba ta kallon idonsa. Za ta gaishe shi, ta kawo abinci, ta zauna tana kallon ƙasa kamar baƙuwa. Zoben aurensu ba ya hannunta, ta ce an ƙwace a daji, bai sake tambaya ba.

Na ga mutumin nan yana ƙarewa a tsaye. Shi yake dafa wa kansa, taliya yau taliya gobe. Bencin da take zama a rumfa bai yarda kowa ya ɗora masa batir a kai ba. Duk ranar da na dawo daga Kaduna, kafin in kashe mota zan hango shi ya fito bakin rumfa yana goge hannu da tsumma, yana kallon kujerar gaba. Ya san ba ta ciki, amma sai ya duba. Abin yana ci mini rai har nakan zagaya ta bayan gidan mai don kada mu haɗa ido. Bai taɓa ce mini kai ka kulle ƙofar ba. Da ya faɗa ma da na fi samun sauƙi.

To, bana, da hanya ta ɗan lafa, wata Litinin sai ga Zakka a tasha da sassarfa. Ban taɓa ganin yana sauri ba, har na ɗauka gobara ce.

"Direba," ya ce, "za ta dawo. Ran Asabar."

"Wa?"

"Wa kuma? Maman Mercy. Ta ce motarka za ta shiga, kujerarta. Amma ta ce in duba ƙofar da hannuna. In ta ji ta kulle ko sau ɗaya ne, za ta sauka, kuma kada in sake yi mata maganar gida."

Ni kuwa akwai abin da nake ɓoye masa. Kwana goma ke nan motar na kulle kanta. Da na faɗa rami sai ka ji ƙarat, duk ƙofofi sun kulle ba wanda ya taɓa komai. A Kuriga wata mata ta kusa fasa mini gilas da gwiwar hannu, tana salati tana kuka. Bayan haka fiyus ya fara ƙonewa. Na sa sabo ya ƙone, na sa wani ya ƙone. Da na gaji sai na yi abin da kowane direba ke yi, na murɗa silin wayar tagulla na cusa a gurbinsa. Ban kai wa Zakka ba don ba na son kalmar kulle ta shiga tsakanina da shi.

Na faɗa masa. Ya buɗe akwatin fiyus, ya zaro wayar tawa, ta yi baƙi, robar gefenta ta narke. Ranar na fara jin Zakka ya ɗaga murya.

"Idrisu, kana da hankali kuwa? Fiyus yana mutuwa ne don mota ta rayu. Ka cire shi ka sa wannan? Mutane a ciki, ƙofa a kulle, waya na cin wuta?"

Kunya ta kama ni, ni kuwa in na ji kunya faɗa nake yi. Na ce, "To sarkin sani, cire abin gaba ɗaya mana! Yanke wayar makullin, kowa ya huta. Minti biyu ne."

"Hon ɗinka da fitilar ciki a kan layin suke. Kuma in na yanke a nan, ciwon yana can yana jira. Ce mini ta yi in duba. Ba ta ce in rufe ido in yanke ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Ban taɓa yi mata ƙarya ba, Direba. Ba zan fara a kan ƙofa ba."

Talata da safe na kai masa motar, na yi asarar lodi, ina ta ƙunƙuni. Ya ciro ƙwan fitilar nan nasa ya haɗa wayoyinsa biyu a gurbin fiyus. Ya yi mini bayani kamar ɗan aji ɗaya: in waya mai wuta ta taɓa ƙarfen mota, ƙwan zai kama da haske sosai, in ba ta taɓa ba zai zauna a mace. Muka zuba ido. Ƙwai ya zauna a mace. Minti goma, ashirin, ko ƙyaftawa.

"Ka gani, ta warke," na ce.

"Ba ta warke ba, kunya take ji. A rami take yi, ko? Hau baya ka girgiza ta."

Ni da furfurata na hau bamba ina tsalle kamar wanda aljanu suka hau, masu shayi na dariya, Usman mai faci har da tafi. Can sai ƙwan ya yi wal, ya mutu. Zakka ya ce, "Yauwa. Tana nan."

Daga nan ya fara bin ƙofofi ɗaya bayan ɗaya. Zai cire soket ɗin wayar da ke shiga ƙofa, in hau in girgiza, ya kalli ƙwai. In ƙwan ya ci gaba da walƙiya, to ba wannan ƙofar ba ce. Ya fara da ƙofar but ta can baya, domin nan ake jibga buhuna. Ƙwai ya yi wal. Ya koma babbar ƙofar fasinja mai ja, ya cire, na girgiza, wal. A nan ya ga wata waya da ɓera ya ɗan gatsa, na yi murna na ce shi ke nan. Ya naɗe ta da baƙin tef, ya ce wannan ba ita ba ce, ɓeran bai kai ga tagulla ba. Haka Talata ta ƙare, ƙafafuna kamar ba nawa ba.

Laraba da safe, ranar sunan matarsa, ya kama ƙofata ta direba. Ya zare robar nan mai kama da maƙogwaro da wayoyi ke bi daga jikin mota zuwa ƙofa, domin ya ce a nan suka fi karyewa saboda buɗewa da rufewa. Ya bi su ɗaya ɗaya da yatsa, yana lanƙwasawa. Lafiyarsu lau. Ya kwance maɓallin da na danna shekara shida da suka wuce, ya busa, ya gwada, ya mayar. Na girgiza mota, ƙwai ya yi wal.

Saura ƙofa ɗaya, ta kujerar Maman Mercy. Mu duka mun san da ita tun jiya, kowa na kewaye ta. Ya cire soket ɗinta, na hau na yi tsalle har numfashina ya ɗauke. Ƙwan nan ko motsi. Ya mayar da soket, na girgiza sau ɗaya, wal, ƙofofi suka ce ƙarat.

Ya ɗauko sukudireba. Na riƙe masa hannu.

"Baban Mercy, tsaya. Tun ranar ban buɗe marfin nan ba."

"Na sani," ya ce. "Sukurorin sun yi tsatsa."

Gaskiya ne. Shekara shida ina jin wani abu na ƙaras-ƙaras a cikin ƙofar nan, in na ji sai in ƙara muryar rediyo. Na san Malam Martins ya zura wani abu, na gan shi da wutsiyar ido. Wa zan mayar wa? In kai wa matarsa kati in ce ga abin da ya rage?

Marfin ya fita. A ƙasan ƙofar, cikin ƙura da busassun ganye, ga katin aikin Malam Martins, hotonsa ya koɗe amma ana gane gilashin idonsa. Ga layin waya guda. Zakka ya ɗauke su ya goge da rigarsa ya miƙo mini, na karɓa. Ya ce roba ce, roba ba ta jan wuta, ba su ne ba. Ya kunna tocilan ya zura kai, yana bin damin wayoyin da ke tafiya wajen ɗan injin makulli. Ya daɗe a haka. Sai na ga kafaɗarsa ta tsaya cak.

Da filaya ya zaro shi. Zobe ne na azurfa, ya yi baƙi ƙirin. Ya faɗa ne ya maƙale tsakanin wayoyin da ƙarfen ƙofa, kowane rami ya ɗan goga, kowane rami ya ɗan goga, har ya cinye robar wayoyi biyu. In ya taɓa ɗaya ƙofofi su kulle, in ya taɓa ɗayar fiyus ya ƙone. Zakka ya juya shi a tafin hannu. A gefe guda akwai ɗan tudun dalma, inda ya taɓa tsagewa shi da kansa ya liƙe mata. Ya zauna a kan bencin nan da ba ya bari a taɓa.

"Ta ce ƙwacewa aka yi," ya faɗa a hankali, ba da ni yake ba.

Can ya tashi, ya yanke inda wayoyin suka ci, ya haɗa da dalma, ya naɗe, ya sa su cikin tiyo, ya ɗaure nesa da ƙarfe. Ya sa fiyus na gaskiya. Ya ce in ja mu tafi. Muka bi hanyar Randagi inda ramuka suka fi muni, yana zaune a kujerarta, hannunsa a kan ƙofa. Ba ƙarat, ba komai. Da muka dawo na ce ya kawo zoben in kai mata. Ya ce a'a. Ya kira ta a gabana, abin da ya ce kawai shi ne, "Na duba. Na gyara. Ba za ta kulle ba."

Katin Malam Martins na kai wa matarsa ran Alhamis. Wannan ba zan ba da labarinsa ba.

Asabar na iske Maman Mercy a tashar Mando tun kafin in gama lodi, da jaka ɗaya, Mercy na riƙe da hannunta. Ta rame, ta yi furfura. Na gaishe ta ina jiran ta tambaye ni ko da ƙafa motar ta iso. Ba ta tambaya ba. Ta je ƙofar ta buɗe, ta rufe, ta buɗe. Ta shiga ta zauna ta rufe, ta buɗe daga ciki. Sau huɗu. Fasinjoji suka fara gunaguni, na daka musu tsawa na ce wanda ke sauri ya sauka ya hau jirgi. Sai na ga idonta ya sauka kan sababbin sukurorin da ke jikin marfin. Ta shafa ɗaya da yatsa.

"Idrisu, ya buɗe nan?"

"Ya buɗe, Maman Mercy."

"Ya gani?"

"Ya gani."

Ta mayar da idonta gaba. Ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda na baya ba za su ji ba. "Ni na cire da hannuna. Na san in suka ga ina da miji za su kira shi, kuma na san shi, zai shigo dajin da ƙafarsa, su riƙe shi. Da suka tambaye ni sai na ce mijina ya mutu. Kullum sai sun tambaya, kullum in ce ya mutu. Kwana ashirin da uku ina kashe shi da bakina, Idrisu. Da wane ido zan kalle shi?"

Raina ya ɓaci, ban san da wa ba. Na ce, "Haba Maman Mercy! Mutumin da kika kashe ɗin yana can shekara shida yana cin taliya ba gishiri, yana leƙen kujerar nan kullum. Kwana biyu ya sa ni tsalle a kan bamba saboda ke. Ni da na kulle ku ina kallon idonsa, ke da kika tsare shi ce ba za ki iya ba?"

Ban taɓa faɗin haka da bakina ba, cewa ni na kulle su. Ta juyo ta dube ni. Ƙafarta ɗaya na waje, a kan kwalta, ƙofa a buɗe. Na kama sitiyari ina jira. Sai ta janyo ƙafar ta rufe ƙofa.

Tun daga Buruku hannunta na kan mariƙin ƙofa, bai sauka ba. Duk ramin da na faɗa sai na ji ta ɗauke numfashi, ni ma in ɗauke, muna jiran ƙarat. Da muka zo wajen da aka tare mu ta rufe ido tana addu'a da harshensu, ni ina tawa a zuci. Wurin yanzu har wani ya yi shukar masara.

Mun shiga gari bayan azahar. Ban zagaya ta bayan gidan mai ba. Tun daga nesa na hango shi bakin rumfa, ya sa rigar da yake zuwa coci da ita, amma tsumman goge hannun na nan a hannunsa, ya manta bai ajiye ba. Usman mai faci ya ce tun safe yake tsaye a wurin. Na tsaya daidai gabansa. Ya dubi kujerar gaba kamar yadda ya saba, sai ya kasa ɗauke ido. Ya tako, ya miƙa hannu zai buɗe mata.

Ta ɗaga masa hannu ta cikin gilas. "Bari, Baban Mercy," ta ce. "Ni zan buɗe."

Ta ja mariƙin, ƙofa ta buɗe. Ya sa hannu a aljihun da ƙwan fitilarsa ke zama, ya fito da zoben, ya wanke shi har yana ƙyalli. Ta miƙa yatsa. Ya yi mata yawa yanzu, yana zamewa. Ta dunƙule hannun don kada ya faɗi.

"Zan rage shi," ya ce. "Kin ci abinci?"